Hoton ruwa mai gudu: wane baƙin gilashi ya dace da ranar Damagaram?

Tambaya: Yaya, ina ɗaukar hoton biki da suna a nan Damagaram da Canon mai lens 18-55. Ina ganin hotunan da ruwa yake fitowa kamar farin hayaƙi, duwatsu kuma suna tsaye tsaf. A damanar bara na gwada da tsakar rana: sakan 1, f/22, ISO 100, hoton ya fito fari fat. An ce sai na sayi ND1000. Shi zan saya? Kuma mu da ba mu da gulbi, ina zan samu ruwan?

Amsa: Ƙanena, kyamararka lafiyarta ƙalau, hanyar da ka bi ma ita ce hanyar. Ranar garinmu ce ta fi ƙarfin abin da ke hannunka. Amma kada ka sayi ND1000 tukuna. Bari in nuna maka lissafin, ka ga dalili da idonka.

A cikin kyamara akwai ƙyaure da yake buɗewa ya rufe idan ka danna. Duk abin da ya motsa tsakanin buɗewa da rufewa, sawunsa ake gani a hoto, ba shi kansa ba. Farin hayaƙin nan da yake burge ka sawun ruwa ne: kowane ɗigo da kowace kumfa ta ja layi, layukan suka hau kan juna. Dutse bai motsa ba, shi ya sa ya fito tsaf. Matsalar ita ce muddin ƙyaure yana buɗe, haske yana ta kwarara ciki, kamar tulu ne a bakin famfo. ISO ma'auni ne na saurin kama haske a kyamara, lambar f kuma ta faɗin ƙofar da haske ke shiga ta cikin lens ce, idan lambar ta ƙaru ƙofar ta ƙanƙance. Da tsakar rana babu gajimare, a ISO 100 da f/16, tulun yana cika a 1/125 na sakan. A f/22 da ka sa, yana cika a 1/60. Kai kuma ka bar shi sakan guda cur, wato haske ninki kusan 64 na abin da ake bukata. Ba abin da zai fito sai fari.

Baƙin gilashin da ake kira filtar ND aikinsa guda ne, ya rage hasken da ke shiga ba tare da ya canja launi ba. Ana auna ƙarfinsa da taki. Taki ɗaya yana raba haske biyu, don haka yana ba ka damar ninka lokaci sau biyu. ND8 taki 3 ne, ND64 taki 6, ND1000 taki 10. Wasu kamfanoni suna rubuta 0.9, 1.8 da 3.0 a madadin waɗannan sunaye, abu ɗaya ne, kada rubutun kwali ya rikita ka. Tsanin lokacin kuma ka haddace shi yadda ka haddace lambar wayarka: 1/250, 1/125, 1/60, 1/30, 1/15, 1/8, 1/4, 1/2, sakan 1, 2, 4, 8, 15, 30. Ka auna haske kafin ka sa gilashi, sannan ka sauka tsanin da adadin takin gilashinka. Da yatsu ake yi, ba a bukatar manhaja.

To, ga inda na saɓa da wanda ya ba ka shawara. Yawancin masu farawa suna fara zaɓen gilashi, sannan su karɓi duk lokacin da gilashin ya ba su. Ni a wajena aikin daga ruwa yake farawa. Ka tsaya ka kalle shi, ka yanke sakan nawa yake bukata, sannan ka nemi gilashin da zai kai ka wannan lokacin. Ruwanmu kuwa, irin wanda muke samu a nan, kusan kullum gajeren lokaci yake so, tsakanin 1/8 da sakan 2.

Dalili shi ne launinsa. Hotunan da kake gani a intanet, yawancinsu na ruwa ne garau da ke faɗowa kan baƙin dutse a ƙasashe masu sanyi, ko na teku. Ruwan da ke gangarowa a kwazazzabanmu bayan hadari ja ne, ya kwaso ƙasa da yashi. Idan ka ba shi sakan 30, duk igiyoyinsa za su narke, ya koma shimfiɗa guda kamar an yaɓe daɓe da jar ƙasa. Mai kallo ba zai ma gane ruwa ba ne, zai zaci hanya ce. Amma a 1/4 ko 1/2, kumfar da ke bisansa tana jan fararen layuka, inda ya bugi dutse ya rabu biyu yana bayyana, ana jin ƙarfinsa. Jan launin ma a lokacin yake zama ado, musamman idan akwai koren ciyawar damana a gefe. Na daɗe ina ƙoƙarin mayar da ruwanmu ya yi kama da na wasu, sai daga baya na gane cewa jan nan shi ne abin da muke da shi wanda su ba su da shi.

Yanzu duba lissafin a f/11, ISO 100. Da rana tsaka kyamara za ta ce 1/250. Da ND64 ka sauka taki shida, ka tsaya a 1/4. Da ND1000 ka sauka goma, ka tsaya a sakan 4. Bayan an ɗauke ruwa kuma gari ya lulluɓe da gajimare mai kauri, haske yakan ragu da kusan taki uku, kyamara ta ce 1/30. A nan ND64 zai ba ka sakan 2, ND1000 kuma ya jefa ka sakan 30 ko sama. Ka ga ke nan a daidai lokacin da muke da ruwa mai gudu, ND1000 ya yi yawa, ND64 kuwa yana riƙe ka a cikin iyakar da kake so, ko da rana ko babu. Idan sakan 2 ya yi tsawo, ka buɗe zuwa f/8 ka samu sakan 1, ka ɗaga ISO zuwa 200 ka samu 1/2. Rage lokaci da ND64 abu ne mai sauƙi. Saboda haka idan gilashi ɗaya kuɗinka zai saya, ND64 ne.

ND1000 yana da wurinsa, wato tabki. Ruwan da yake kwance, iska ce kawai take kaɗa fuskarsa, kamar tabkin Gidimuni a kan hanyar Gure, ko tabkunan da ke cika a cikin gari da kewayensa idan damana ta yi nisa. Irin wannan ruwa yana son sakan 15 zuwa 30 kafin ya kwanta sumul ya ɗauki hoton sama, gajimare ma su ja layi. Sai dai ka lura, iskar da ke kaɗa ruwan ita ce ke kaɗa ganyen dabino da kaba da ciyayin bakin tabki, su ma za su fito a dushe. Ka nemi abin da ba ya motsi ka kafa hoton a kansa: kututture, dutse, katangar lambu.

Wannan maganar ta abin da ba ya motsi, ka riƙe ta da kyau, don ita ce rabin hoton. Idan komai ya dushe, mutane za su ce hannunka ne ya girgiza. Ruwan yana yin kyau ne saboda akwai abu mai kaifi kusa da shi da ido zai kwatanta. Mu kuwa Allah ya ba mu wannan a wadace. Manyan duwatsun nan na unguwar Birni, idan ruwa ya jiƙa su suna yin duhu, tsagoginsu suna fitowa, ruwa yana bin ƙarƙashinsu.

Ka ce ba mu da gulbi. Gaskiya ne, mu da muka tashi muna jiran ƴan ga-ruwa mun san darajar ruwa fiye da wanda ya tashi a bakin kogin Yamai. Amma ruwa mai motsi ba gulbi kaɗai ba ne. Abu na farko da nake tura kowa ya koya da shi shi ne indararo. Ka tsaya a zaure ko ƙarƙashin rumfa, kai da kyamara a bushe, ka fuskanci indararon soro lokacin da ake tsuga ruwa. Ruwan yana faɗowa da sauri, 1/8 zuwa 1/4 ya isa ya mayar da shi farin zare a jikin jan bango, kuma sau da yawa duhun hadari ya isa, ND8 ko ba gilashi ma za ka samu. Idan bangon yana da zanen nan na magina, ka samu hoton da babu wanda zai tambaye ka a wace ƙasa aka ɗauka. Bayan damana kuma akwai lambunan Mirriya, inda injin ban ruwa yake feso ruwa daga tiyo ya bi ƴan magudanu tsakanin fangali. Wannan ruwa garau ne, yana nan har cikin rani, kuma mai lambu zai bar ka idan ka yi sallama ka gaya masa abin da ya kawo ka. Akwai guga da ake juyewa a kwamin shayar da dabbobi a bakin rijiya. A nan 1/15 ma yana isa, don hannun mai juyewar kada ya ɓace. Idan wata rana tafiya ta kai ka inda ruwa yake faɗowa daga kan dutse, kamar Timiya a duwatsun Abzin, ko Matsirga kusa da Kafanchan a Najeriya, za ka tarar hannunka ya riga ya saba.

Game da lokaci, akwai abin da ya shafi garinmu musamman. Damagaram tana kusan digiri 14 arewa da tsakiyar duniya, don haka wajen tsakiyar watan Agusta rana tana bi ta tsakar kanmu daidai, a cikin marka ke nan, lokacin da ruwa ya fi gudu. Hasken tsakar rana a lokacin daga sama yake dukan ruwa, ya yi ta ƙyalli, kumfa ta ƙone ta zama fari marar komai. Baƙin gilashi ba ya gyara wannan, don yana rage haske ko'ina daidai ne, bambancin da ke tsakanin wuri mai haske da inuwa yana nan yadda yake. Mafi kyau shi ne bayan an ɗauke ruwa kafin gajimare su watse, ko da sanyin safiya, ko bayan la'asar sakaliya. Bayan faɗuwar rana kuma hasken da ake iya aiki da shi minti ashirin da ƴan kai ne, yana raguwa kana kallo, kowane ƴan mintoci sai ka sake awo. A wannan ɗan tsakanin ba ka bukatar gilashi ko kaɗan, kuma ina ba ka shawara ka fara gwaji a nan tun kafin ka kashe ko dala.

Yadda ake yi a wurin kuwa, komai yana kan ƙafa-uku, wato ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara a kai. Ba hannun da zai riƙe kyamara rabin sakan ba ta motsa ba. Ƙasarmu yashi ce, idan ta jiƙa ƙafafun suna nutsewa a hankali yayin da ƙyaure yake buɗe, ba za ka gani ba sai ka buɗe hoton a kwamfuta ka ga dutse ya zama biyu. Ka danna kowace ƙafa da ƙarfi har ta tsaya, ko ka ɗora su kan dutse. Kada ka zaro sandan tsakiyar ƙafa-ukun. Ka naɗe igiyar wuya don iska kada ta riƙa kaɗa ta. Ka tsara hoton, ka yi saiti a kan dutsen ko bangon tun ba ka sa gilashi ba, sannan ka mayar da maɓallin lens daga AF, inda kyamara take saiti da kanta, zuwa MF, inda kai kake yi da hannu, don kada ta sake nema a cikin duhu. Ka kashe maɓallin hana girgiza, wanda Canon suke kira IS, Nikon kuma VR, tunda kyamara tana zaune. Lens ɗinka na 18-55 yana da saurin gocewa, ka ɗaura gilashin a hankali don zoben gaba kada ya juya saitin ya tafi. Ka koma M, tsarin da kai kake zaɓen lambobi da hannu, ka sa lokacin da ka ƙirga, ka sa jinkirin sakan 2 don yatsanka ya bar jikin kyamara kafin ta buɗe. Abin da ya wuce sakan 30 sai ka koma B, inda ƙyaure yake zama a buɗe har sai ka saki, da rimot.

Akwai abu guda da ya taɓa ɓata mini aikin yini guda a bakin tabki. Duk hotunan suka fito da wani shuɗi-shuɗi mai ja a tsakiya, na zargi gilashin, ashe haske ne yake shiga ta ramin da ake sa ido a baya, rana tana bayana. A kyamara mai madubi irin taka, idan ka sa gilashi mai duhu, ɗan hasken da ke satar hanya ta baya yana iya yin tasiri. Canon sukan sa wata ƴar roba a jikin igiyar wuya don toshe wurin, mutane da yawa ba su san amfaninta ba. Idan ta ɓata, hularka ta isa.

Kada ka matse zuwa f/22 don neman lokaci. Idan ƙofa ta yi ƙanƙanta sosai, haske yana bazuwa a gefenta, hoton duka ya rasa kaifi, har dutsen da kake son ya fito tsaf. Sannan mu da muke shan ƙurar hunturu wata da watanni, babu kyamarar da cikinta ba ƙura. A f/8 ba ka ganinta, a f/22 kowane ƙwayar ƙura tana fitowa baƙin ɗigo, kuma a kan ruwa mai sumul ba ta da wurin ɓuya. Ka zauna tsakanin f/8 da f/11. Shi kansa gilashin, ka hure shi da ƴar robar hura iska kafin ka goge, kada ka sa bakin riga ko rawani, don ƙurarmu yashi ce, tana karce gilashi. Ka riƙa duba fuskarsa bayan kowane ɗauka biyu ko uku, ɗigon ruwa ɗaya yana ɓata hoto. Zafi ma yana da nasa. Kyamarar da ta sha rana tana fitar da ɗige-ɗige masu launi idan an daɗe a buɗe, don haka ka rufe ta da farin ƙyalle tsakanin ɗauka. Akwai saitin da ke share su, amma yana ninka jira: hoton sakan 30 sai ka jira wasu 30 kafin ka sake dannawa. A 1/4 ba ka bukatarsa.

Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Gilashi mai duhu, musamman mai araha, yana jan launi zuwa shuɗi ko ja, kuma a RAW gyaran ba wuya. Bayan kowane ɗauka kada ka yarda da hasken allon baya, a rana yana ruɗi. Ka kunna gargaɗin nan da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙiftawa. Idan kumfa tana ƙiftawa, ka rage rabin taki ko taki guda. Kuma wuri guda ka ɗauke shi a 1/8, 1/4, 1/2 da sakan 1, don ruwa ba ya maimaita kansa, sai a gida za ka ga wanda ya dace.

Wajen saye, ka duba gaban lens ko cikin marfinsa, akwai da'ira da aka ratsa da layi da lamba a gefenta, faɗin bakin lens ke nan. Canon 18-55 yawanci milimita 58 ne. Idan kana da niyyar sayen babban lens nan gaba, ka sayi gilashin 77 da zoben da ke haɗa 58 da 77, gilashi ɗaya ya yi maka duka. Wanda ake juyawa ya ƙara duhu ya rage, yana da kyau ga masu bidiyo, amma idan ka kai shi ƙarshe, lens kuma yana kan 18, yana yin baƙin gicciye a tsakiyar hoto, don gilasai biyu ne ke saɓa wa juna. Ban ba ka shawararsa a matsayin na farko ba. Na biyun da nake so ka mallaka bayan ND64 shi ne mai kashe ƙyalli, wanda ake rubuta CPL a jikinsa. Yana cire walƙiyar da ke kan jiƙaƙƙen dutse da ganye, launi ya fito, kuma yana cin taki ɗaya zuwa biyu, wanda a ranar gajimare shi kaɗai yana iya isa. Ana ɗora shi kan ND, takinsu ya haɗu, amma ka duba kusurwoyin hoto a 18, zobba biyu suna iya sa su yin duhu.

Wasu samari suna ɗaura gilashin masu walda da roba, kuma ban raina wannan ba, da shi mutum zai koyi haƙurin aikin. Mai lamba 10 yana kai taki kusan 13, wato 1/250 ya koma sakan 30. Hoton yana fitowa kore shar, sai dai a mayar da shi baƙi da fari, kaifinsa kuma bai kai ba, kuma ƙarfinsa na tabki ne, ba na indararo ba. Filtar ND kuwa, komai duhunta, kada ka taɓa kallon rana ta cikinta, ko da ido ko ta ramin kyamara. Duhun da kake gani bai nuna ta tare duk hasken da ke ƙona ido ba.

Idan kuma hadari ya same ka da waya kaɗai, ba ka rasa ba. A iPhone, hoton Live yana da zaɓin da ke haɗa ƴan sakanninsa ya narkar da ruwa. A kyamara ma za ka iya ɗaukar hoto goma sha shida a jere a 1/15, ka haɗa su a Photoshop ka ɗauki matsakaicinsu, ya yi kusa da sakan guda. Yana aiki, sai dai ruwa mai sauri yakan fito da ƴan tsinke-tsinke.

Abu na ƙarshe da ba zan yi shiru a kansa ba, ƙanena. Kwazazzabo yana cika da ruwan da aka yi a wani wuri mai nisa, kana tsaye a busasshen yashi sai ka ji ƙugi. Kada ka kafa ƙafa-uku a cikinsa, kada ka tsaya a gaɓar da ruwa yake ci ta ƙasa, kuma kada ka shiga ruwan titi don neman kusurwa, ba ka san inda lambatu yake a buɗe ba. Muddin ana walƙiya, ƙarfe mai ƙafa uku a fili ba abin tsayawa kusa da shi ba ne, ka jira a zaure. Idan yara suna wasa a ruwan ko mata suna ɗiba, ka nemi izini kafin ka juya musu lens. Wanda ya yarda, ka roƙe shi ya tsaya cak, rabin sakan ba ya gagarar kowa, sai ya fito tsaf ruwa yana wucewa ta ƙafarsa.

Kafin hadarin farko, ka sa ƙaninka ya riƙa tsiyaya ruwa daga buta cikin daro a inuwar tsakar gida bayan la'asar, ka bi tsanin daga 1/60 har sakan 1. Ka turo mini abin da ka samu tare da lambobin kowane hoto, mu duba tare.